Buhu Ɗaya na Auduga

Inji na goma sha biyu ya yi tari, ya kama aiki, Makanike ya kara kunne a jikinsa. Shekara ashirin da shida ya yi a tsohuwar masaƙa kafin a garƙame ta, kuma har gobe da kunne yake gane inji mai ciwo. Wannan lafiyarsa lau, haka sauran talatin da tara da baƙin ƙetare suka kawo lokacin da suka buɗe sabuwar masaƙa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, sau ɗaya a mako ake kunna su, amma kullum sai manyan motoci sun fita ta ƙofar baya maƙare da yadi.

Shi kuwa mutum ne da tambaya ke yi wa ƙaiƙayi. Ya tare manaja.

"Ranka ya daɗe, ta wace ƙofa zare ke shigowa?"

"Kai dai ka sa musu mai, Baba."

Ba son gulma ce kawai ta sa shi tambaya ba. Gwamnati ta ba baƙin fili da wuta, ta yafe musu haraji, da sharaɗin su saƙa a gida da audugar manoman gida. Ranar da ya ji haka a rediyo ya aika wa ƙaninsa a ƙauye cewa bana kada ya shuka komai sai auduga. Ƙanin bai taɓa musa wa yayansa ba. Yanzu auduga ta cika masa ɗaki biyu, hatsi kuwa ko ƙwaya.

* * *

Matar Makanike tela ce. Da ya kawo mata guntun yadin da aka raba wa ma'aikata, ta shimfiɗa shi a kan keken ɗinki, ta ƙare masa kallo.

"Baban yara, ku kuka saƙa wannan?"

"Ga tambarinmu kina gani."

"Ban tambaye ka tambari ba. Auna faɗinsa."

Ya auna da hannu. Taƙi tara. Ya sake aunawa, bai ragu ba. Injinansu ko an yi musu dole ba sa wuce taƙi bakwai.

"To fa," in ji ta. "Ko aljanu kuka ɗauka aiki ba ka gaya mini ba?"

Ya yi dariya, amma ya sake duban yadin.

* * *

Washegari ya ɗauki sifana, ya ce zai duba fankar sito na baya. Babu wanda ya taɓa hana mai sifana wucewa.

Mata ne kusan talatin zaune a layi. Ana sauke dila-dilan yadi daga kwantena, wata ta warware, wata ta yanke tambarin ƙetare, ta ƙarshe ta buga na gida. Hannunsu har ya saba, suna yi suna hira.

"Sannu Baba," wata ta ce. "Mu ma masaƙa ne, da almakashi muke tamu saƙar."

Suka kwashe da dariya. Shi kam ya samu amsarsa, ya kuma yi da-na-sanin nemanta. A bakin ƙofa ya yi kiciɓis da manaja.

"Ka ga wani abu?"

Makanike ya tuna shekara tara da ya yi yana zaman gida bayan rufe tsohuwar masaƙa.

"Fanka na gani, ranka ya daɗe."

"Madalla. Mako mai zuwa manyan ma'aikatan gwamnati za su zo duba mu. An ce ƙaninka na noman auduga. Ya kawo buhu ɗaya, fara tas."

* * *

Kwana biyu ƙanin da matarsa suka yi suna tsince buhun nan da hannu. Ranar ziyara aka zube shi a kan tebur a tsakiyar masaƙa, aka kunna injina arba'in gaba ɗaya har ƙasa na rawa. Babban jami'i ya damƙi auduga, ya ɗaga sama, aka yi ta ɗaukar hoto ana tafi.

Ƙanin ba a bar shi ya shiga ba. Ta tsakanin ƙarafan ƙofa ya riƙo hannun yayansa, bakinsa har kunne.

"Yaya, sun yaba? Sauran yaushe zan kawo? Na riga na yi magana da mai mota."

"Bari in tambayo."

Kafin ya koma ciki motocin jami'an sun fice, an kashe wuta, injina sun yi tsit. Mai kula da sito ya jawo buhun a ƙasa ya jingine masa kusa da garwar mai.

"Manaja ya ce tsumma ya ƙare, ka riƙa goge hannu da wannan."

Makanike ya dubi hannuwansa, baƙi ƙirin da gris. Ya ciro dunƙule guda. Ko ɗan tsinke babu a ciki, an tsince ta da kyau. Ta taga yana hango ƙaninsa tsaye a rana, ya rufa hula a goshi, yana jiran amsa.