Jan Alli a Fiffike na Tara

A masana'antar da ake ƙera fukafukan injin iska mai samar da lantarki, ba mai son ganin Kunne ta nufo shi. Sunan da ma'aikata suka laƙaba mata ke nan, don aikinta saurare ne. Sai ta shafa ruwa mai yauƙi a jikin fiffike, ta ɗora kan na'ura, na'urar ta tura wani sauti da kunnen mutum ba ya ji. In shimfiɗun zaren da aka yi fiffiken da su sun manne sosai, sautin kan ratsa har ƙasa ya dawo. In sun rabu, sai ya dawo da wuri, ita kuwa ta zagaye wurin da jan alli, aikin mako biyu ya koma baya. To, wa zai so ta? Da ta shiga ɗakin cin abinci hira take mutuwa, kowa ya duƙufa kan kwanonsa. Abin yana ci mata rai, ba ta dai faɗa.

Inna ce kaɗai ke matsa mata a benci. Tsohuwar mai shimfiɗa zare ce, shekara ashirin da huɗu ba a taɓa mayar mata da aiki ba, kuma fiffike na tara shi ne na ƙarshe kafin ta yi ritaya.

A ido, sumul yake kamar faranti. Amma kusa da gindinsa sautin ya dawo da wuri. Kunne ta goge, ta ƙara ruwa, ta ɗora na'urar kan guntun gwaji tana fatan ita ce ta lalace. Lafiyarta lau. Wurin bai fi tafin hannu ba, kuma ta gane shi: an manta ledar da ake ɓarewa daga bayan zare.

Ta daɗe riƙe da allin. Ba mai kallonta. Sai dai fiffiken nan zai shekara da shekaru yana juyi a saman kawunan mutane. Ta zagaye wurin.

Inna ta zo da kanta, hannu duk danƙo.

"Nuna min."

"Ga shi, Inna. Wallahi sau huɗu na gwada."

Tsohuwar ta ƙura wa allon na'urar ido. "Ledar ce. Idon ya fara gajiya. Kin yi aikinki."

A bakin ƙofa ta waiwayo. "Sannu da aiki, Injiniya."

Shekara shida "'yata" take ce mata. Kunne ta gwammace da zaginta ta yi.