Abin da Ya Saura a Motar Baba

Tun jiya mai shela ya zagaya Wurno yana faɗin za a buɗe madatsar Goronyo a saki ruwan rani, duk mai kaya a kwarin gulbi ya kwashe kafin la'asar. Mu'azu ya ji da kunnensa. Shi ya sa ya yi sammako ya gangara da tsohuwar motarsa mai bodin katako har tsakiyar kwarin, aka loda mata albasa. Da aka ɗaure igiya ya murza makulli, sai motar ta yi tari ta yi shiru. Ya sake murzawa, ya ambaci sunan Allah, ya zagi ƙarfe, duk a banza.

Wannan mota ita ce gonar Mu'azu, ita ce rumbunsa. In ruwa ya cim mata a nan, yashi zai riƙe ta, sai dai a zo kallon kanta daga gaɓa.

Aka kira Levi, makaniken da aikin madatsa ya kawo daga Kudancin Kaduna, ya ga wuri ya zauna. Ya cusa kai cikin injin, wanda silindansa takwas suka rabu huɗu nan huɗu can kamar gwafa. Jim kaɗan ya zaro distiribita, mai raba wa fulogai wuta, ya nuna haƙoranta da suka zube.

"Ka jira ni nan," in ji Levi. "Zan je Sakkwato in nemo, yadda na saba."

"In zauna in yi mi? In ƙirga albasa?" Mu'azu ya ɗare bayan babur ɗin Levi tun kafin a ba shi izini.

Levi ya dube shi, ya dubi rana, ya yi ajiyar zuciya, ya ba babur wuta. Da suka kai mararraba, maimakon ya miƙe Sakkwato sai ya karya ta hanyar Rabah.

"Kai Levi! Ina za ka da ni?"

"Rara, gidan yayanka. Injin motarka da na salun ɗin nan, motar hawan babanku, gida ɗaya suka fito, ka sani. Abin da ya shiga waccan zai shiga wannan."

 Lokacin da aka raba gadon mahaifinsu, Abdulƙadiri, yayan Mu'azu, shi ne ya fara zaɓe. Ya ɗauki zungureriyar salun ɗin da tsohon ke zuwa Juma'a da ita, ya bar wa ƙanensa akwalar lodi. Mu'azu kuwa bakinsa ba ya jiran shawarar kansa. A gaban malamai ya ce yayansa ya zaɓi ado ya bar masa wahala, ya kuma rantse ƙafarsa ba za ta sake taka Rara ba. Shekaru suka shuɗe. Labari yana zuwa masa cewa an lulluɓe salun da tamfol a rumfa, ko kasuwa ba a fita da ita, shi kuwa yakan taɓe baki ya ce rowa ce. Yanzu ga shi a bayan babur, za shi roƙon mutumin da ko gaisuwar Sallah bai aika masa ba. In Yaya ya ce a'a fa? Duk ramin da suka faɗa sai ya ɗaga kai ya ga rana ta ƙara karkata.

Suka tarar da Abdulƙadiri a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Furfura ta cika masa gemu, abin da ba wanda ya gaya wa Mu'azu. Mu'azu ya durƙusa a gabansa.

"Yaya, ina wuni."

"Lahiya lau." Abdulƙadiri ya juya ga Levi. "Kai da munka yi da kai ba ka kawo shi nan."

"Shi ya hau da kansa, Malam. Motar tana kwarin gulbi, ruwa kuma yana hanya."

Abdulƙadiri bai ƙara tambaya ba. Ya yar da ƙotar, ya nufi rumfa da saurin da bai dace da shekarunsa ba, ya yaye tamfol. Jikin motar na nan fes, ana goge ta. Amma da aka ɗaga murfin injin, Mu'azu ya ja da baya. Ba kabureta. Inda famfon ruwa yake, rami ne da aka toshe da tsumma. Wayoyi na reto ba abin da suke riƙe da shi, har kaza ta samu wurin ƙwai a gefe.

"Wa ya cinye motar Baba?" ya tambaya.

"Kai ne kake hawanta," in ji Levi, yana laluben sifana. "Kaburetar da na sa maka bara, da famfon da ya mutu maka a hanyar Goronyo, kana tsammani Sakkwato ana shuka su ne? Ni ban taɓa kaiwa Sakkwato ba. Nan nake zuwa."

Kunya ta rufe Mu'azu har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya buɗe baki, Abdulƙadiri ya ɗaga masa hannu.

"Bari, ba lokaci. Na san taka ita ka ciyad da gida, kuma na san irin injin ga ya ƙare a kasuwa. Da na bar maka salun, da ka saishe ta tun shekarar farko." Ya karɓi distiribitar daga hannun Levi, ya goge ta da bakin rigarsa, ya miƙa wa ƙanensa. "Wagga ita ta saura. In wani abu ya koma lalacewa, ba ni da abin aiko maka. Ku tahi."

Ko da suka iso kwarin, ruwa ya riga su. Ya shimfiɗu a kan yashi, ja, yana tafe da kara da kumfa, ya kai rabin taya. Manoma na gaɓa suna salati. Levi ya tsaya cikin ruwa har gwiwa yana ɗaura distiribitar, yana juya ta kaɗan-kaɗan don wuta ta faɗa daidai. Mu'azu ya murza, ta yi tari. Ya sake, ta yi tari. Ruwa ya fara lasar matakala.

"Yanzu!" Levi ya daka tsawa.

Injin ya kama da ruri. Tayoyin baya suka yi ta watsa laka, motar ta yi kamar za ta zauna, sannan ta yunƙura ta haye gaɓa, mutane na kabbara.

Mu'azu bai kashe ta ba. Ya zauna riƙe da sitiyari yana sauraren ƙarar, hawaye na bin kumatunsa. Masu albasa suka hau, suna cewa a yi sauri kada kasuwa ta tashi. Da suka kai mararraba sai suka ga ya karya ta hanyar Rabah.

"Direba, ka ɓata hanya!" wani ya buga bodi.

"Ku yi haƙuri," in ji Mu'azu. "Ban gama gaida yayana ba."