Kaset ɗin da Baba Ya Ƙwace

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa Baba, hannunsa na dama ya daina jin magana. Ƙafa ta dawo, baki ma ya dawo, har ya fi da kaifi, amma babban yatsa ya ƙi. Mutumin da ya yi ritaya yana shugaban makaranta, yau Mama ce ke sa masa maɓallin riga. Abin ya ci masa rai har ya daina leƙa ƙofar gida.

Likita ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ce in ba haka ba yatsan zai sandare. Baba ya cilla ta bayan kujera. "Ni jariri ne?"

Wallahi raina ya ɓaci. Ina gyara masa durowa ina ƙunƙuni, sai ga kaset ɗin gem ɗinmu, wanda ya ƙwace muna yara, wai yana kashe mana ƙwaƙwalwa. Na kai wa mai gyaran waya na bakin titi. Ya miƙo min wata 'yar na'urar hannu mai cin irin wannan kaset, ko sunan kamfani babu a jikinta.

"Jabu ce, Anti, ba zan ɓoye miki ba. Madannanta tauri kamar dutse."

Na ce, "Yauwa, ita nake so."

A falo na zauna kusa da Baba, na zura kaset, na kunna. Allon ya yi fari fat. Na cire, na mayar, shiru. Baba yana kallona ta saman tabarau, har ya gaji.

"Kawo nan, ba ki iya komai ba."

Ya zare kaset ɗin da hagu, ya hura masa iska ta ƙasa, fuu, fuu, ya ɗan buga shi a gwiwa, ya tura. Nan take kiɗan ya tashi.

Na saki baki. "Baba! Ina ka koyi hurawa?"

Mama ta leƙo daga kicin tana dariya har da riƙe ciki. "Ai da kun tafi Islamiyya ranar hutunsa, sai in kira shi cin abinci ya ce bari ya tsallake ramin nan."

Baba ko a jikinsa. Ɗan mutumin cikin allo ya faɗa rami, ya sake faɗawa, don madannin tsalle a dama yake. Baba ya yi tsaki, ya zagi wanda ya ƙera na'urar, ya ɗora yatsan nan ya danna da iyakar ƙarfinsa. Daɗi ya kama ni. Daga ranar, kullum sai na roƙi a ba ni hannu ɗaya, kullum sai ya ce in jira.

Rannan da safe ya fito daga ɗaki da farar rigarsa, na'urar a aljihu, maɓallin sama ya shiga ramin na ƙasa. Mama ta kai hannu za ta gyara, ya ture.

"Bar shi haka. Ni na sa."

Ya ɗauki hularsa ya fita.