Kumfar Ƙarya a Marinar Ƙofar Rini

Sodangi marini maƙaryaci ne, kuma ƙaryarsa ta kusa raba Mode da sana'ar da ya gada.

A zamanin Daular Sakkwato, Mode ne ke kawo wa marinar Ƙofar Rini curin baba, ganyen da ake rina shuɗi da shi. Wata Juma'a Inna Kulu ta zo da zanen da Sodangi ya rina mata, wanki ɗaya ya koɗe fes. Sodangi bai ko ƙifta ido ba, ya ce baban Mode ne gurɓatacce. Sarkin Marina ya yanke cewa in haka ne, Mode ba zai ƙara sauke kaya a nan ba.

Mode bai yi rantsuwa ba. Ya ce, "Ranka shi daɗe, a ba ni rijiyar rini guda, da ragowar baban da Sodangi ya saya."

Aka ba shi. Ya zuba baban da ruwan toka, ya motsa a hankali daga ƙasa, ya rufe bakin rijiyar ruf. Marina suka yi ta tsokanarsa.

"Mode, ƙwai kaka kwanci?"

"Ku dai bari ta nuna," in ji shi.

Ya san baba ba ya narkewa sai ya ruɓa a inda iska ba ta kai masa. Kullum yakan ɗaga murfin kaɗan, ya shinshina, ya mayar. Ranar da warin ya yi ƙarfi, kumfa mai ƙyallin jan ƙarfe ta taso da kanta, sai ya kira jama'a.

Ya yaga farin ƙyalle gida biyu. Ɗaya ya tsoma a rijiyarsa, ya fito kore-kore.

Sodangi ya ƙyalƙyale. "Ga shi nan! Wanga shi ne shuɗi?"

Mode ya shanya ƙyallen a hannu. Jama'a na kallo iska ta juya shi, ya koma shuɗi. Ya ɗauraye shi, launin bai motsa ba. Na biyun ya tsoma a rijiyar Sodangi. Wannan da shuɗinsa ya fito tun daga ciki, ruwa na taɓa shi launin ya zube.

"Baba guda ne," in ji Mode. "Nau ya shiga zare yana narke, iska ta ɗaure shi a ciki. Naka iska ta riga ta kama shi cikin rijiya, sai ya kwanta bisa zane kamar ƙura. Mi ya kai iska rijiyarka, Sodangi?"

Malami, mai rijiyar kusa da ta Sodangi, ya ce ya sha ganinsa yana bugun ruwan da muciya don kumfa ta tashi, masu kaya su ɗauka rijiyar ta nuna. Jira ne ba ya iyawa.

Sarkin Marina ya sa aka cike rijiyar Sodangi da ƙasa, aka hana shi rini a Sakkwato.