Mota Mai Kujera Biyu

Mako guda bayan Rakia ta fita takaba, kafilin mijinta, Balaraben da ya tsaya masa a Saudiyya, ya aiko mata da saƙo. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, a jikin ta mijin nata Isha'aku take, kuma tunda Allah Ya karɓi abinsa, saura mata wata biyu a Jidda. Motar kuwa, ya ce ko da yake da sunansa aka yi takardunta, shi ya san ta marigayi ce. Ta nemi mai saye, zai sa hannu.

Motar Corvette ce ƙirar 1978, ja, mai dogon hanci, tana kwance ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin rumfar gidansu a unguwar Bani Malik. Isha'aku makanike ne, mutumin Damagaram. A 1986 ya tsince ta a bayan garejin da yake aiki, tayoyi a sace, inji a kafe. Shekara biyu ya yi yana tada ta. Abokansa suka yi ta yi masa tsiya: ina mai iyali ina mota mai kujera biyu? Ya ce idan 'ya'ya suka zo ya canja. 'Ya'yan ba su zo ba. Shi kuma bai taɓa tada maganar ba, bai kuma canja motar ba.

Duk Juma'a bayan la'asar sai ya cire murafai biyu na rufin motar ya jingine su a bango, ya ce, "Hajiya, yalla, teku na jiranmu." Shekara goma sha shida suna haka.

Mutum uku suka zo kallon motar, ba wanda ya kwanta mata. Na huɗun Abdulghani ne, haifaffen Jidda, kakansa daga Katsina ya zo hajji ya zauna. Ya zo da matarsa Mastura don ta zauna da Rakia, amma Rakia ta ja mayafi ta fito da kanta.

"Khala, ba sai kin wahala ba," in ji shi, yana nufin inna, Hausarsa na karkata zuwa Larabci. "Zan duba da kaina."

"Duba, ɗana. Amma akwai abin da ido ba zai gaya maka ba."

Ya zagaya motar yana shafa ta da tafin hannu. Fentin ya ɗan koɗe a saman hanci inda rana ke dukansa, amma gefunan na sheƙi. Ya ƙwanƙwasa ƙofa.

"Ba tsatsa ko kaɗan, masha Allah."

"Jikinta ba ƙarfe ba ne, shi ya sa. Ka leƙa ƙasa, bayan tayar hagu. Iskar teku ta ci wajen, malam ya yi masa walda shekara huɗu da suka wuce. Ƙofata kuma sai ka ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Na'urar sanyi tana aiki, amma a watan zafi ba ta iya Jidda ba. Fatar kujerarsa ta tsage a gefe, ni na ɗinke."

Mastura ta yi dariya. "Khala, sayarwa za ki yi ko korar mu?"

"Gara ku ji daga bakina."

Abdulghani ya shiga, ya murɗa makulli. Injin ya yi tari ya mutu.

"Taka mai sau biyu, ka saki, sannan ka murɗa."

Ya yi yadda ta ce. Motar ta tashi da wani gurnani mai kauri wanda ya cika rumfar har kwanon rufi ya ɗauki rawa. Rakia ta dafa bango. Wata biyar rabon da ta ji wannan ƙarar. Da ita take gane Isha'aku ya shigo layi, ta tashi ta ɗora shayi tun bai kashe mota ba.

"Kin iya tuƙi ne, khala?" Mastura ta tambaya a hankali.

"A ina? Ban taɓa riƙe sitiyari ba. Zama kawai na yi a gefensa ina saurare."

Abdulghani ya nemi izinin ya ɗan zagaya da ita. Ya dubi matarsa, ya dubi Rakia, ya dubi kujera ɗayan da ta rage. Rakia ta gane abin da ya hana shi magana.

"Shiga, 'yata. Ki ɗaga ƙofar."

Mastura ta zauna a wajen. Kafin su tashi, Abdulghani ya sa hannu ƙasa ya jawo kujerar direba gaba, domin bai kai Isha'aku tsawo ba. Ƙarfen ya yi ƙara, don tun da aka ɗaura kujerar ba a taɓa gusar da ita ba.

Ta fito bakin titi ta tsaya. Motar ta miƙe layin, ta wuce shagon mai burodi, fitilun bayanta zagayayyu guda huɗu suka kama ja a kwana. Kawuna biyu a ciki, na namiji da na mace, kusa da juna saboda ƙuncin wajen. Ashe haka mutanen layi suke ganinsu ita da Isha'aku duk Juma'a. Ba ta taɓa sani ba. Ta tsaya cikin rana har maƙwabciyarta Haoua ta leƙo ta taga ta ce ta shigo inuwa, ba ta shiga ba.

Da suka dawo fuskar Mastura cike da murmushi, mayafinta ya zame. Abdulghani bai yi ciniki ba. Ya ce abin da ta faɗa ya yi, gobe zai je wajen kafili.

"Alfarma ɗaya," in ji Rakia. "Kada ka kulle ta a gareji kana nuna wa baƙi. Ba ta son zama."

"Wallahi khala, kullum za ta fita."

"Kuma ba kai kaɗai ba."

Ya dubi matarsa, ya sunkuyar da kai. "Insha Allah."

Ranar Talata aka gama takardu, ya zo ya tafi da ita. Rakia ba ta fito ba. Tana ɗaki ita da Haoua suna ɗaure kaya, ta ce a miƙa masa makullin da ledar kayan gyara. Haoua ta dawo ta same ta zaune a kan akwati, hannu a cinya.

"Yaya, in kawo miki ruwa?"

"Bari tukuna," ta ce. "Ba su kai kwanar layi ba."

Suka kasa kunne su biyun har ƙarar ta ɓace cikin hayaniyar babban titi. Sannan Rakia ta miƙe ta ce a kawo igiya, akwai sauran buhu biyu. Bayan kwana goma sha tara ta hau jirgin Yamai, daga nan ƙanenta ya ɗauke ta zuwa Damagaram, garin da ta bari tana da shekara ashirin da uku.