Rabin Kitso

Ni sana'ata kitso. Da mataji da matsefi na ciyar da 'ya'yana bayan rasuwar ubansu, da su na kai Auta makaranta. Yau ita ma kan mutane take taɓawa, sai dai ni daga waje nake tsayawa, ita kuwa sai ta buɗe ƙashi ta shiga ciki. Likitar ƙwaƙwalwa ce. Maƙwabta suna cewa na ji daɗi. Wane daɗi? Su zo su zauna a gidan nan da ta kama mini, su ji yadda firiji yake gurnani shi kaɗai kamar shi ne maigidan.

Da ta gama karatun likita na ce shi ke nan, 'yata ta dawo. Ta ce, "A'a Inna, yanzu za a fara koyon tiyata." Shekaru suka yi ta tafiya. Yayyenta sun watsu, kowa da inda yake. Ita muna gida ɗaya, amma in ajiye mata abinci ya huce, in ɗumama, ya sake hucewa. Kanta kuwa, 'yar mai kitso guda, rabon da in sa hannu a cikinsa har na manta. Kullum yana cikin wata hula mai kama da ledar kasuwa.

Ranar da abin ya ishe ni, na jefa matsefi a jaka na nufi asibiti, in sami babban likitan da ya koya mata aikin mu yi ta ta ƙare. Wata nas ta nuna mini bene. Na tarar da ƙofa an ja jan layi a gabanta, da rubutu. Ni ba karatu na iya ba, na tura.

Ga Auta a gaban famfo, ta ɗaga hannuwa sama kamar mai addu'a, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunta. Ta rame. Ban san lokacin da na kama hannunta ba.

"Inna! Kada ki taɓa ni!"

A gaban mutane. Hannun da ni na koya wa kai loma baki. Ta juya ta ɗauki sabulu ta hau dirje inda na taɓa, har ƙarƙashin farce. Aka fitar da ni kamar akuyar da ta shiga shago.

Ban tafi ba. Na sami benci a wani lungu na ce sai na ga babbansu. Can sai ga shi, wani dattijo mai sanƙo.

"Mama, lafiya?"

"Wace ce mamarka? Ka kusa girme ni. Kai ne ka koya wa 'yata ƙyamar uwarta?"

Ya zauna a gefen bencin. "Ba ƙyama ba ce. Hannun nan cikin kan wani bawan Allah zai shiga. In an wanke shi, ko ni na taɓa sai ta sake daga farko. Ko hancinta ba ta da ikon sosawa."

"To in an gama, hannun na waye?"

Kafin ya buɗe baki na ɗora:

"Aro na ba ku, kuka riƙe. Wuni guda nake nema, in tsefe mata kai in kitse. Kai ba za ka gane ba, ba ka da abin kitsewa."

Ya shafa sanƙonsa yana dariya, ya ce zai duba. Ni ban yi dariya ba.

Sai bayan la'asar ta fito, da sawun takunkumi a fuskarta. Ta zauna kusa da ni.

Na ce, "Ya mutumin?"

"Ya motsa yatsun ƙafa."

"Yanzu ana taɓa ki, ko sai na nemi izini?"

Ta zare hular ta ɗora kanta a cinyata. Gashin ya cukurkuɗe, har da furfura, a kan autata! Na ciro matsefi. Ina warwarewa ina yi mata faɗa, ashe ita tuni ta yi barci. Na kitse gefen dama. Zan juya ta ke nan, wayarta ta yi ƙara: hatsarin mota, an kawo wani. Ta miƙe tun kafin ta gama buɗe ido, ta mayar da hula ta rufe aikina.

"Inna, ki je gida. Zan zo ki ƙarasa."

Har yau ba ta zauna ba, shi kuma mai sanƙo har yau dubawa yake yi. Ni ban taɓa barin kan mutum rabi ba, ba kuma zan fara a kan 'yata ba. Don haka kullum ina bencin nan da matsefina. Nas-nas sun saba, in sun wuce sai su ce, "Inna, yau ma ƙara kika kawo?" In ce ƙara na kawo.

Jiya ta wuce da sauri ana tura gado a gabanta. Ba ta tsaya ba. Ta dai ɗaga gefen hular da yatsa ta nuna mini. Kitson yana nan, har ya fara tsufa, ɗaya gefen kuma yadda na bar shi. Ba ta bari kowa ya ƙarasa ba.