Horon Injin Ƙatuwa

A bugu na uku Ƙatuwa ta tashi. Ta yi tari, ta feso hayaƙi fari, sannan injin ya zauna daram yana gurnani a hankali. Maƙwabta da suka cika bakin garejin suka ɗau tafi. Osmel ya fito daga ƙarƙashin bonet, baƙin mai har gwiwar hannu, yana dariyar da ya daɗe bai yi irinta ba.

Ƙatuwa tsohuwar motar Amurka ce, koriya, ta girmi kowa a layinmu na garin Holguín in ka cire mai ita, Baba Evelio. Da ita aka ciyar da gidan, ana jigilar fasinja zuwa Gibara. Da injinta ya mutu bara, Osmel, babban ɗan, shi ya kwanta a ƙarƙashinta wata da watanni. Shi ya bi gari gari neman fistin, shi ya yanka gaskit da hannunsa, har wandonsa ya daina wankuwa.

Baba Evelio ya tsiyaya barasar rake a ƙasa gaban taya. Mama Migdalia ta durƙusa ta ɗaura jan ƙyalle a bamban bayan motar.

"Saboda idon mahassada," in ji ta, tana hararar layin gaba ɗaya.

Sai Baba ya zare makulli, ya tsallake Osmel da ke tsaye da hannu a buɗe, ya miƙa wa ƙaramin ɗansa.

"Yunieski, kai za ka hora shi."

Kai, abin ba daɗi. A wurinmu kowa ya san wanda ya hora sabon inji shi injin ke sabawa da ƙafarsa, kuma galibi shi ke zama da motar. Yuni kuwa, wanda ko sifana bai san lambarta ba! Duk aikin da ya yi a watannin nan bai wuce kawo kofi da riƙe fitila ba, fitilar ma yana haska inda ba a so.

"Baba, ni na haɗa injin nan," in ji Osmel.

"Na sani. Amma ƙafarka guduma ce. Sabon inji lallaɓawa yake so. Ba gudu, ba lodi, ba tsayawa a taku ɗaya, a ɗan danna a ɗan saki. Kai ko keke ka hau sai ka zabure shi."

Mutane suka yi dariya. Yuni ya jefa makullin sama ya cafe.

"Kada ka damu, Yaya, zan riƙa ɗaukarka kyauta."

Akwai abu guda da ya rage. In sabon inji ya yi zafin farko, ƙarfe ya buɗe, robar tiyo ta yi laushi, sai an koma an sake ɗaure duk maɗauran tiyon lagireto kafin a hau hanya. Sukurdireban ma yana hannun Osmel. Ya dube shi, ya dubi ƙaninsa yana gyara madubi yana duba sumarsa, sai ya zura shi a aljihun baya. Mai mota ai ya san motarsa.

Baba ya zauna gaba. Osmel ya shiga baya kamar fasinja, kuma wannan ya fi komai ci masa rai.

Suka ɗauki hanyar Gibara da hantsi. Abin haushi, yaron ya iya. Yana dannawa a hankali, yana saki, yana canza giya ba ko ƙara. Masu keken doki suna wuce su suna tsiya.

"Direba, gawa kuka ɗauko?"

"Amarya ce, ba a gaggawa da ita!" Yuni ya mayar.

Baba ya yi dariya har da buga cinya, ya dafa kafaɗar Yuni. Osmel ya kalli hannun nan. Bai tuna ranar da aka dafa tasa kafaɗar haka ba. In ya yi aiki mai kyau sai a ce ai dama aikinsa ne. Yuni kuwa ko ƙwai ya soya sai an kira maƙwabta su gani. Kishi ya kama shi.

Bayan sun wuce gada Osmel ya ji wani wari. Warin ruwan zafi ne da tsatsa, siriri, yana shigowa ta ƙarƙashin kujera. Tiyon ƙasa ya fara yoyo.

Agogon zafin Ƙatuwa ya mutu tun kafin a haifi Osmel. Allurarsa a kwance take, ba ta motsi. Hancin Baba ya tsufa, kunnensa ma haka. Yuni kuwa yana ba da labarin wata yarinya mai sayar da burodi. A duk motar mutum ɗaya ne ya san abin da ke faruwa.

Ya buɗe baki, ya rufe.

Bari ya ɗan ƙara gaba, in ji zuciyarsa. Bari tururi ya fito, Baba ya ga irin direban da ya zaɓa. Ba za a ce komai ba sai yaro ya ƙona inji ranar farko. Ya harɗe hannu ya juya yana kallon gonakin ayaba.

Hanya ta fara hawa tudu. Muryar injin ta canza, ta bushe. Osmel ya san kowane zobe da ke cikin nan, ya tuna yadda ya shafa musu mai da yatsa ɗaya bayan ɗaya kafin ya zura su. Yanzu suna gogar bango ba ruwan sanyaya su. Gumi ya karyo masa. Ya ƙara yin shiru, ya danne.

"Ka ga yadda take hawa, Yaya?" in ji Yuni ta madubi. "Ta san mai ita."

Da wannan maganar Osmel ya ƙara jan bakinsa har tsakiyar tudun. Can sai ya ji wani ɗan sauti daga cikin injin, kas, kas, kamar ana taɓa kofi da cokali. Osmel ya zabura.

"Kashe! Yuni, kashe ta!"

"Me ya—"

"Ka kashe na ce, ɗan banza!"

Yuni ya murɗa makulli, motar ta gangara gefe. Tururi ya taso ta gefen bonet. Osmel ya riga kowa fita, ya buɗe da gefen rigarsa, ya hana a taɓa murfin lagireto. Suka zauna a inuwar mangwaro har ƙarfe ya huce. Yuni ya tafi wani gida neman ruwa, jikinsa a sanyaye, duk tsiyar ta gudu.

Osmel ya kwanta a ƙarƙashi, ya ciro sukurdireban daga aljihu, ya ɗaure maɗaurin. Murɗawa kaɗan ce, aikin da ba ya kai shan kofi. Daga inda yake kwance yana hango jan ƙyallen Mama yana lilo a bamba.

Baba ya tsuguna kusa da ƙafafunsa, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Allah ya yi maka albarka da hancin nan. Da ba ka cikin motar, da yau mun yi jana'iza."

Osmel ya sake taɓa maɗaurin da yatsa. Baba ya ci gaba.

"Ka ga dalilin da ya sa na ce taka ce. Wancan shashashan ƙafa kawai gare shi. Ya lallaɓa maka ita ta saba, kafin ya tafi aikin otal ɗin nan nasa a Guardalavaca, sai ka karɓi abarka."

Osmel ya turo kansa waje.

"Tawa? Yaushe ka ce tawa ce?"

"Ban gaya maka ba?" Baba ya sosa ƙeya. "To uwarku na gaya wa. Wa zan ba in ba kai ba? Kai ma dai da wata tambaya."

Yuni ya dawo da bokiti biyu, ruwa na zuba a ƙafarsa.

"Yaya, wallahi ban yi gudu ba. Ka gani da idonka. Laifina ne?"

"Ba laifinka ba ne," in ji Osmel. "Zuba a hankali."

Ƙatuwa ta tashi a bugu ɗaya. Baba ya ɗora tafin hannu a kan bonet, ya rufe ido, ya gyaɗa kai.

"Lafiya lau. Ko ƙwarzane ba ta yi ba."

Suka juya gida. A bakin gada Yuni ya tsaya, ya ce ya tsorata da tuƙin, ko Yaya zai karɓa. Baba ya ɗaga kafaɗa.

"Karɓi, amma ka cire gudumar nan daga ƙafarka."

Osmel ya zauna a kujerar da ya yi shekaru yana so. Ya danna a hankali, ya saki. Baba ya fara gyangyaɗi, Yuni ya koma labarin mai burodi. A ƙarƙashin gurnanin injin sautin yana nan, kas, kas, kas, siriri, ba mai jinsa sai shi. Ya san irinsa. Ba ya kashe mota, ba ya kuma ɓacewa.

A ƙofar gida Mama ta fito tana goge hannu, ta zagaya baya ta duba ƙyallenta.

"Yana nan daram," in ji ta. "Kun gani? Ido bai kama ta ba."

Osmel ya kashe injin, ya sa makullin a aljihun da sukurdireban yake.